Gwiwar Dikko

Ku ɗan rage surutun nan, zan yi magana. Tun da na zauna a bencin mai shayin nan nake jin ku, kun haɗa kawuna a kan waya guda kuna kallon ƙwallon kwandon ɗaliban Amurka, kowa na zagin kocin da bai san da zamansa a duniya ba. Wannan ya ce jaki ne, don me zai cire dogon yaron nan; wancan ya ce da shi ne, da tuni ya sa an bi mutum da mutum. Ban tanka muku ba, don na san bakin ɗan kallo ba ya gajiya, tunda ba da shi ake gudu ba. Amma kai mai jar rigar nan, na ji ka ce ko a Kalgo sai da 'yan kallo suka ture koci kafin aka ci kofi. Gaskiya ka faɗa. Ni ne kocin, Malam Garba, ga ni zaune a gabanka. Tunda ka ɗauko zancen sai ka gyara zama, don abin da muka yi ja a kansa ni da mutanen Kalgo ranar nan ba kofi ba ne, gwiwar wani yaro ce mai suna Dikko.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shara ce. Na je wurin Oga Bawa, wani tsohon soja mutumin Zuru da ke koyar da motsa jiki a kwalejin da ke Kalgo, na ce ina son in koyi horar da 'yan wasa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min tsintsiya. Filin siminti ne, kuma ya ce tsakuwa ɗaya ta isa ta kai mutum asibiti, don haka in ya zo ya taka ko guda, kaina zai ji a jikinsa. Na yi ta shara ina ƙunƙuni. Daga nan ya ƙara min girma zuwa ba ƙwallo iska da famfon keke. Sai ka lashi allurar kafin ka soka, in ba haka ba ka yaga bakin ƙwallon. Ka saki ƙwallo daga saitin kanka, in ta dawo wajen ƙugunka ta yi daidai. In ta wuce, yatsun yara za su kumbura, in ta gaza kuwa sai su yi ta dukan ta kamar masu sussuka.

Ranar da ya fara zaunar da ni a benci kusa da shi, sai ya hana ni kallon ƙwallo. Ya ce, "Ƙwallo ta 'yan kallo ce, don su aka yi ta. Kai ƙafa za ka kalla." In aka tashi sai ya tsare ni da tambaya: wa ya gaji, wa ke jan ƙafa, wa ke tsoron dira. In na ce wane ya ci kwando mai kyau, sai in ji usur ɗin ƙarfe a tsakar kaina. Allah ya ji ƙan Oga Bawa, hannunsa bai san lallashi ba. Amma kafin ya bar aiki, ina iya gaya maka yaron da bai karya kumallo ba daga yadda yake ja da baya.

Ɗaura zoben kwando kuwa wani aiki ne da ba wanda ke tafa maka a kai. Yara irinku su yi tsalle su maƙale a jiki don a ce sun iya, zobe ya sunkuya, washegari ni ne a kan tsani da sifana a baki, mai walda yana ƙasa yana ce min in yi sauri za a ɗauke wuta. Allon da zoben ke jiki na katako ne, damina ɗaya ke lanƙwasa shi, sai ka ga ƙwallo ta bugi allo ta nufi inda ba wanda ya aike ta. Raga kuwa wani masunci ne a bakin gulbi ke saƙa mana da ragowar zaren taru, kuma tasa ta fi ta kanti ƙarko. A jakata ba ka rasa alli, da bandeji, da man zafi, da wani tsohon tire na shayi da marafen kwalbar lemo. A kan tiren nan nake jera yara in nuna wa kowa wurin tsayawarsa. Ƙanƙara ce dai ta gagare ni, kafin a kawo ta daga tasha rabi ya zama ruwa.

Yanzu wannan bi-mutum da kuke ta kira kamar sunan magani. Bi-mutum shi ne kowa ya kama nasa, duk inda ya sa ƙafa ka sa. Yana da daɗin kallo, amma huhu yake ci, kuma dole sai kana da dogo a ƙarƙashin kwando wanda zai gyara ɓarnar duk wanda aka wuce. In ba ka da dogon, sai ka yi abin da muke kira shinge: kowa ya tsare yankinsa kamar yadda ake raba kuyya a gona, a toshe tsakiya, a bar abokin gaba ya yi ta jifa daga nesa har hannunsa ya mutu. Shinge ba ya sa a yi ihu, wasa sai ya yi sanyi. Shi ya sa 'yan kallo suka tsane shi, suke ce masa tsoro.

Su kuwa 'yan kallo su ne masu cinikinmu, ko da ba su biyan ko sisi. Ɗalibai, da 'yan kabu-kabu, da masu shaguna na bakin tasha, duk ranar wasa sai su zagaye wayar da aka kewaye filin da ita. Shugabansu wani mai faci ne, Na'Allah, Ba'are ne da ya daɗe a Kalgo. Gajere, ga murya kamar lasifika, ga wata tsohuwar jarka da yake kaɗawa da sanda. Shi ke like mana ƙwallo kyauta, shi ke kai yaro gida a babur in ya yi targaɗe. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan da kyau. Sai dai a duniya ba abin da bai sani ba game da ƙwallon kwando, ban da yadda ake buga ta.

"Koci, wanga shinge naka tsoro na!" haka yake kwarara min daga bayan waya. "Mi kaka jira? Saki yara su yi gudu!"

In muka ci, dabararsa ce na ɗauka. In aka ci mu, na ƙi jin shawara. Na saba, har in ban ji jarkarsa ba sai in tambaya ko lafiya.

Dikko a layin rajista na fara ganin sa, kansa ya ɗara na kowa kamar giginya a cikin gero. Bafillace ne daga wata ruga a bayan Malisa, ya zo karatun malanta. Ba tsawon ne ya fara ɗaukar hankalina ba, tafiyar ce. Wanda ya tashi a bayan shanu ba ya ɓarnar taki, kuma ba ya gajiya. Amma hannu, inna lillahi! In ka jefa masa ƙwallo sai ya kauce mata. Na sha wuya kafin ya iya cafewa, na ƙara shan wata kafin ya yarda ya bangaji mutum, don shi a wurinsa rashin kunya ne ka haɗa ƙirji da wanda ya girme ka. Da ya gane, sai ya zama duk abin da ya dawo daga allo nasa ne. A kansa na gina ƙungiyar, a kansa muka fara bi-mutum ɗin da Na'Allah ke mafarki.

Tsakaninsa da Na'Allah kuwa sai wasa, kun san Arawa da Fulani. Na'Allah ya ce masa sillen kara, shi kuma ya ce masa bawan kakana. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya, komai ɗacinsa, ba a fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya ji kunya. Haka muka taras, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai shekarar nan.

Da za mu fara fita wasa wasu garuruwa, na hau babur na tafi rugarsu neman izini. Mahaifinsa, Baffa Hammadi, tsoho ne siriri mai yawan tari. Ya shimfiɗa min buzu, aka kawo nono. Dikko ɗan fari ne, don haka tsohon ba ya kama sunansa, ko kallon inda yake bai yi ba.

Ya ce, "Boko na bari, don an ce da amfani. Wanga wasa ban san shi ba. Amma ka sani, Malam, in anka yanke gero anka kai rumbu, yaron ga shi ka kai shanu gulbi. Tahiya ta ta kwanaki. Ni ƙarhina ya ƙare, ƙannenshi kuwa duk mata na. Ƙahwahun nan da kaka gani ba nashi na ba shi kaɗai, na garke na. Aro na ba ka."

Na ce, "Baffa, in Allah ya yarda yadda na karɓa haka zan maido."

Ya ce to, ya sa aka ƙaro min nono.

Shekarar da abin ya faru, tun daga damina ta zo mana a karkace. Ruwa ya kwanta a filin har siminti ya dare gida biyu a ƙarƙashin kwandon gabas. Ga shi mu aka ba karɓar baƙuncin gasar kwalejoji bayan kaka. Aka kawo magini cikin gaggawa ya like tsagar, yashi ya fi siminti yawa, wurin ya yi tudu kamar tabon ƙuna. Na yi magana har na gaji, aka ce in yi haƙuri a gama gasa. Yarana biyu masu tsawo suka bar karatu, ɗaya ya tafi haƙar zinari, ɗaya ya bi mota. Dogo ya rage min Dikko shi kaɗai.

A wasan kusa da na ƙarshe ya tashi ya cafo ƙwallo, ya dira a kan tudun nan. Na ga gwiwarsa ta dama ta shige ciki ta dawo. Ba wanda ya lura, don kowa na bin ƙwallo. Ya miƙe kamar ba abin da ya faru. Na cire shi nan take, muka lallaɓa muka ci wasan da kyar. Na ce, "Dikko, yaya ƙafar?" Ya ce, "Da sauƙi, Koci."

Ku tsaya nan, don a nan maganar take. Kun taɓa zuwa dubiya kuka ji majinyaci ya ce da tsanani? Ni na ga wanda aka tambaya da hantsi ya ce da sauƙi, da azahar aka yi masa sutura. Wannan gaisuwa ce, ba rahoto ba ne, kuma kowa ya san haka in dai ba yana da buƙata a jikin mai ciwon ba. To balle Bafillace. Dikko yana da tabon sharo a ƙirji, ya tsaya an zuba masa sanda yana murmushi yana duba madubi. Yaron da aka raina a kan cewa faɗin ciwo abin kunya ne, kai kake jira ya ce maka wayyo? Sai ka shekara.

A sallar la'asar na kama shi. Ya koma ƙarshen sahun baya, jikin bango, wanda ba al'adarsa ba ce. Na idar na waiga, sai na gan shi a zaman tahiya ya miƙe ƙafar dama zaƙal, ya kasa naɗe ta. Washegari na sa shi a mota sai Birnin Kebbi. Likita ya matsa nan ya ja can, shi ko gezau, sai gumi kawai da ke tsatsafo masa a goshi. Likitan ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsage amma ba ta tsinke ba. In ya huta aka ɗaure, za ta kama, har tafiyar shanu zai iya a hankali. In ya sake tsalle a kanta, ya ce, kada a dawo masa da shi a ce bai faɗa ba.

Na gaya wa Dikko ba zai buga wasan ƙarshe ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Na gaya wa shugaban kwamitin wasanni, Malam Lawali, wani malamin lissafi mai son a ce a zamaninsa aka yi. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Mu gani dai zuwa ranar." Wannan mu gani ɗin ba ta kwanta min ba.

Ranar wasan ƙarshe Kalgo ta watse ta dawo filin. Har kan rassan dalbejiya mutane ne. Baƙin da za mu kara da su suna da dogaye biyu, ni ba ni da ko ɗaya, don haka na jera marafen lemo a kan tire na ce wa yara shinge za mu yi, kuma in ƙwallo ta zo hannunmu kada wanda ya yi gaggawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lissafina shi ne rana ta dake su, dogayen nan su tara laifi don haushi, a zangon ƙarshe mu taso musu. Kuma abin yana tafiya. Aka je hutun rabin lokaci suna gabanmu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babban dogonsu har ya fara dafa gwiwa yana haki. Ni ƙafa nake gani. Mutane kuwa allon maki suke gani, da Dikko zaune a benci da bandeji.

Ban ankara ba sai ga su sun ɓalle ƙofar waya sun cika bayan benci, Na'Allah a gaba da jarkarsa.

"Koci, kashe mu za ka yi? Ga maganin abu zamne, kana ta shinge kamar mai gadin rogo!"

Na ce, "Na'Allah, yaron nan ba shi da ƙafa. Likita ya hana."

Sai ya juya wurin yaron, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kai sillen kara, yaya ƙahwa?"

Me kuke so ya ce, a gaban ɗaruruwan mutane, har da 'yan matan ajinsu? Ya ce, "Da sauƙi."

"Kun ji! Da bakinshi ya hwaɗi! Da sauƙi!"

Wuri ya ɗauka, da sauƙi, da sauƙi, kamar wani albishir. Mutanen da kowannensu ya taɓa faɗin kalmar nan a kan gadon asibiti, ranar nan duk suka mance ma'anarta. Na daka musu tsawa, na ce ba zai shiga ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Da a nan aka tsaya da na ci. Sai Na'Allah ya saɓa jarka ya fara kaɗawa, ya ɗauko waƙa nan take, irin ta wasan da suka saba:

"Bafillace ya ga sanda, ya ce ciwon ƙahwa! Ɗan Hulani ya ga maza, ya ɓoye bayan Koci!"

Aka fashe da dariya, aka amshe. Wasa ne, wallahi wasa ne, irin wanda yake yi masa kullum a bakin tasha. Kuma Dikko ba shi da damar fushi, don Ba'are ne ya faɗa. Sai ya yi dariya shi ma, dole. Yana dariyar yana kwance bandejin.

Na ce, "Dikko, zauna."

Ya ce, "Koci, ka ji abin da ake ce min."

Na ce, "Na ji. Gobe an mance. Ka tuna shanun Baffa."

Bai dube ni ba, ya jawo takalmi. Na fizge takalmin na riƙe a hammata. Sai ga Malam Lawali ya kutso, hularsa a karkace.

"Malam Garba, yaro ya ce da sauƙi. Kai ka fi shi sanin jikinsa ne?"

"Na fi shi, ranka ya daɗe. Aikina ke nan."

Ya matso kusa da kunnena. "Ka ga mutanen nan? In aka ci mu da yaron nan a benci, wa zai fitar da ni da kai daga filin nan?"

Na ce sai dai a bi ta kaina. To, ta kan nawa aka bi. Ba su doke ni ba, da ma dukan suka yi da ya fi min. Wasu 'yan kabu-kabu ne suka ɗaga ni caɗak, suna dariya suna cewa Koci ka huta, ka gaji, suka kai ni bayan waya suka dire, wani ya zare takalmin daga hammatata. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba, na riƙe waya ina zagi da bakin da nake koyar da tarbiyya, ba mai ji na.

Aka dawo wasa, Malam Lawali a kan bencina, Na'Allah a bayansa yana ba shi umarni. Aka watsar da shinge, aka koma bi-mutum da gudu. Kuma in gaya muku gaskiya, abin ya ci. Dikko na shiga baƙin suka rikice. Ya cafe, ya tare, ya danna ƙwallo a kwando har allo ya girgiza. Muka kamo su, muka wuce. Mutane kamar su tsaga waya. Wani ya leƙo ya ce min, "Koci, ka gani? Da ma kai ka hana mu!" Ban ko kalle shi ba. Ina ganin yaron yana tashi da ƙafar hagu yana dira da ƙafar hagu, ta daman yana ɗauke da ita kamar kayan aro. Na san muddin ya samu wurin sauke hagun zai kai. Na kuma san baƙin ba makafi ba ne, su ma suna da koci.

Ana dab da tashi ƙwallo ta dawo daga allon gabas. Ya tashi, dogonsu ya jingina masa ta hagu, ba ma laifi ba ne, wasa ne. Babu wurin hagu. Ya sauko da dukan nauyinsa a kan dama. Duk da ihun nan na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Yana ƙasa ya tura ƙwallon ga ɗan'uwansa, aka ruga da ita, aka jefa, usur ya tashi. Mun ci.

Aka cika fili, aka ɗaga kofi, aka ɗaga Malam Lawali. Dikko na zaune a kan siminti ya dafa hannu biyu a baya, bai yi ko tari ba, shi ya sa aka ɗauka hutawa yake. Na'Allah ne ya fara isa wurinsa da rawa. "Tashi, sillen kara, yau ka hidda mu kunya!" Sai idonsa ya sauka a kan ƙafar, ya ga gwiwa na kallon gabas, tafin na kallon wani wuri. Jarkar ta faɗi. Lokacin da na samu na kutsa, na tarar ya rungume yaron yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Wasa nika yi, Koci. Wallahi wasa nika yi."

Na ce, "Na sani. Kama min kafaɗarsa."

Daga Birnin Kebbi aka tura mu Sakkwato. Aka yi aiki, aka sake. Dangi suka kai shi wurin maɗori, shi ma ya taɓa ya ce wannan ba karaya ba ce, ba tasa ba ce. Ƙafa dai ta warke a miƙe kamar taɓarya, ba ta lanƙwasuwa. Aka aiko in zo a ɗauki hoto da kofi, na ce a ɗauka da waɗanda suka ci. Ban sake zama a bencin nan ba. Na nemi canji na dawo nan Gwandu, na ƙarasa shekaruna ina koya wa 'yan firamare tsalle da guje-guje. Har gobe a Kalgo in ana hira cewa ake dabarar 'yan kallo ce ta ci, kuma ba ƙarya suke ba. Koci dai ba don cin wasan yau kaɗai aka ajiye shi ba. Shi ne mutum ɗaya a filin da aka ɗora wa ya ce a'a lokacin da kowa ke cewa e, har da mai ƙafar.

Bayan an sallamo Dikko daga asibiti na hau babur na tafi rugar. Ban zaɓi ranar ba, ashe ranar tashin shanu ce, har an makara, makwabta duk sun riga su. Na iso da hantsi na tarar an kwance maruƙa, garke ya taru a bakin burtali. Dikko na zaune a gindin wata ƙirya, ƙafa a miƙe, sandar asibiti a gefensa. Shanun da suka san shi suna ta juyowa wurinsa suna tsayawa, suna jira ya tashi. Ya kau da kai yana kallon gona.

Sai ga Baffa Hammadi ya fito daga bukka da malafa, da gorar ruwa a kafaɗa, da sandar kiwo. Takalman robar da ya sa sun yi masa yawa, na yaron ne. Ya tsaya ya yi tarinsa har ya dafa sanda. Na durƙusa a tsakiyar hanya na gaishe shi, na fara bayani, na ce likita ya faɗa, na ce na hana, na ce ɗauke ni aka yi. Ya bar ni na kai aya.

Ya ce, "An ce kun ci."

Na ce, "An ci, Baffa."

"To, madalla."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi gindin ƙiryar ba. Ya gyara igiyar gora a kafaɗa, ya ɗaga kai ya duba rana.

Ya ce, "Matsa, Malam. Shanu za su wuce."

Na matsa.